Tambaya da Amsa: Sarrafa Babban Jirgin Iska a Tasha Mai Cunkoso

Tambayoyin wannan fitowar duk a kan tuƙin jirgin ruwa suke. Wasu daga cikin gari suka zo, wasu daga 'yan Kano da neman abinci ko karatu ya kai bakin teku. Jirgin da aka fi tambaya a kansa shi ne na shaƙatawa mai dogon sanda da ƙyallen iska, wanda tsawonsa kan kai mita 14 zuwa 18, nauyinsa tan 12 zuwa 25. Matuƙa da makanikan inji da wannan fili ke tuntuɓa su suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Fagge ne, ina aiki a Legas a wani jirgin iska mai tsawon mita 16. Kyaftin ya fara ba ni sitiyari a cikin tasha. Matsalata ita ce duk lokacin da na sa ribas sai bayan jirgin ya karkata hagu, ko da na murɗa sitiyari dama har ƙarshe. Sitiyarin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sitiyarinka lafiyarsa ƙalau. Aikin farfela ne. Farfela ba tura ruwa gaba ko baya kaɗai take yi ba, tana kuma jan bayan jirgi gefe guda. A giyar gaba ba a cika ji ba, a ribas ne abin ke fitowa fili. Farfelar da ke juyawa dama a giyar gaba, idan ka tsaya a baya kana kallonta, hagu take jan bayan jirgi a ribas. Irin taka ke nan, kuma ita ta fi yawa.

Dalilin da sitiyari bai cece ka ba kuwa shi ne allon juyi, wato allon da sitiyari ke murɗawa a ƙarƙashin ruwa, ba ya aiki sai ruwa na gudana a jikinsa. A giyar gaba farfela na watsa masa ruwa kai tsaye, don tana gabansa, shi ya sa ko jirgi na tsaye idan ka ba shi wuta yakan juya. A ribas ruwan farfela gaba yake tafiya, allon ba ya samun komai har sai jirgin kansa ya fara tafiya da baya. A waɗannan daƙiƙun farko farfela ce ke mulki, kai ɗan kallo ne.

Ga yadda ake zama lafiya da ita. Tun jirgi na ɗaure da kyau a jeti, wato dandamalin da ake ɗaure jirage a jikinsa, sa ribas ka ɗan ƙara totur, ka leƙa gefe biyu. Gefen da ruwa ya fi tafasowa, bayan jirgin ɗaya gefen zai nufa. Ka san wannan a kan kowane jirgi kafin ka kwance igiya, domin wanda farfelarsa ke can ciki kusa da tsakiya ba ya ja sosai, mai doguwar sandar farfela a karkace kuwa yakan ja da ƙarfi.

Idan za ka yi baya, kada ka fara a cikin lungu. Nemi fili, ka karkatar da bayan jirgin dama kamar digiri 20 tun kafin ka sa ribas, yadda jan farfela zai daidaita shi maimakon ya kauce da shi. Ba shi wuta sosai na ɗan lokaci, ba kaɗan-kaɗan ba, don ribas mai sanyi na tsawaita lokacin da farfela ke ja alhali allon bai kama ba. Da ya kai gudun not ɗaya da rabi zuwa biyu, mayar da giya firi. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, wato ƙasa da tafiyar mutum a ƙafa. Da farfela ta daina aiki jan ya ƙare, sai sitiyari ya karɓa. Ka juyo ka fuskanci baya, ka riƙe sitiyarin da hannu biyu, kada ka murɗa fiye da digiri 15 zuwa 20. A ribas ruwa na ƙoƙarin fizge allon ya buga shi ƙarshe. Wanda ya saki sitiyari a nan kan tsinka waya ko ya lanƙwasa ƙarfen juyi, wani lokacin har yatsunsa su sha.

Wannan jan da ke ba ka haushi shi ne kuma zai juya maka jirgi a wurin da bai fi tsawonsa da rabi ba. Da irin farfelarka, dama ake juyawa. Murɗa sitiyari dama har ƙarshe ka bar shi a nan. Ba shi wuta gaba daƙiƙa biyu ko uku, bayan zai fita hagu. Kafin ya fara tafiya, firi, ka dakata inji ya sauka, sannan ribas: farfela za ta ci gaba da jan bayan hagu. Da ka ji zai fara tafiya baya, firi, sai gaba kuma. Sau uku ko huɗu ya juyo. Wanda ya gwada yin haka ta hagu zai yi ta kokawa da farfelarsa har fili ya ƙare masa. Dakatawar nan a firi ba ado ba ce. Cilla giya daga gaba zuwa ribas da inji a sama shi ke cinye giyabos.

Haka wajen tsayawa, gefen hagu ne naka. Ka nufi jeti a karkace digiri 20 zuwa 30, da goshi ya kusa ka sa ribas, jirgin ya tsaya, bayansa ya matso da kansa. Abu ɗaya ka bincika: wasu sababbin jirage allon juyi biyu gare su, ɗaya a kowane gefe, farfela a tsakiya. Ruwan farfela ba ya taɓa ko ɗaya, don haka dabarar ba da wuta a tsaye ba ta aiki a kansu. Sai da tafiya suke juyawa.

Tambaya: Ni direban tirela ne, Dawanau nake lodi. Na ga bidiyon wani babban jirgin iska yana shiga tasha kamar ba ya so. Tsoro ne ko ƙa'ida? Kuma da me suke taka birki?

Amsa: Malam direba, babu birki. Ribas ne birkin, shi ma ba ya kamawa nan take, musamman idan farfelar irin mai naɗewa ce da sai ta buɗe kafin ta ciji ruwa. Jirgi mai tan 20 a gudun not 2 ƙarfin bugunsa ya kai na ƙaramar mota mai tan 1 da ke gudun kilomita 16 a awa. Idan gudun ya ninka, bugun ninki huɗu yake yi. Jikin jirgin kuma yawanci faiba ne, maƙwabtansa ma haka.

Sai dai sannun tana da iyaka. Idan ya yi sanyi ƙwarai allon juyi ya daina kamawa, iska ta karɓe tuƙin. Gwanin matuƙi yana neman mafi ƙarancin gudun da sitiyari ke amsawa, yana sa giya yana cirewa. Ranar da iska ta yi ƙarfi dole ya ƙara gudu, ko da zuciyarsa na ce masa ya rage.

Wani abin da zai ba ka mamaki: da bayansa jirgi ke juyawa. Wurin da yake kewayawa a kai yana wajen kashi ɗaya cikin uku daga goshi, saboda haka idan goshi ya yi dama mita ɗaya, bayan na sharo hagu kusan mita biyu. Yawancin gogar da ake yi wa jiragen maƙwabta da kusurwar baya ake yi, matuƙi na can yana kallon gaba.

Tambaya: Daga Kurna nake, amma ina aiki da wani jirgi a Legas. Rannan iska ta manne mu a jikin jeti, da jirgi a gabanmu da wani a bayanmu. Muka yi ta danna ƙaramar farfelar goshi har ta ɗauke, ta ƙi tashi. Me ya same ta, kuma yaya ake fita a irin wannan hali?

Amsa: Zafi ta yi. Farfelar goshi mai amfani da batir an yi ta ne don dannawar daƙiƙa uku zuwa biyar. Motarta na jan wuta ɗaruruwan amfiya, kuma akwai makashin zafi a ciki da ke yanke ta bayan kamar minti biyu ko uku na aiki ba hutu. Ba ta dawowa sai ta huce. Idan ta huce ba ta tashi ba, a duba babban fis da kan batir. Idan motar na kuka amma babu turi, ko fil ɗin da ke haɗa ta da farfela ya karye, ko leda ta shige ramin, abin da ba baƙo ba ne a ruwan Legas. A sani kuma, da jirgi ya wuce not 2 zuwa 3 turinta ya zama na banza.

Ƙarfin iska ba a hankali yake hawa ba. Iskar not 20 ninki huɗu take tura jirgi a kan ta not 10. Kuma goshi take fara ɗauka, domin ba shi da zurfi a ruwa, ƙarfe mai nauyi da ke ƙasan jirgi da allon juyi suna tsakiya da baya. Shi ya sa fitar da goshi cikin iska ke da wuya, fitar da baya ke da sauƙi. Da baya za ku fita, kuma igiya ce za ta yi aikin.

A ɗaura igiya a turken goshi, a kai ta baya zuwa wani turke a kan jeti daidai tsakiyar jirgi, a zagayo da ita a dawo da bakinta cikin jirgi, yadda za a iya zare ta ba tare da an bar mutum a ƙasa ba. A tabbata babu ƙulli a jikinta. A tara matasan roba, waɗanda ake ratayawa a gefe don kare jikin jirgi, biyu ko uku a kafaɗar goshi, mutum ɗaya ya riƙe wani a hannu yana bin inda jirgi zai taɓa. A kwance sauran igiyoyi. Matuƙi ya sa giyar gaba a mafi ƙarancin wuta, ya murɗa sitiyari wajen jeti. Igiya ta hana jirgi gaba, ruwan farfela na dukan allon, sai bayan ya fara buɗewa. Idan iska ta hana, a ƙara wuta kaɗan-kaɗan, ba fizga ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sakin igiya da wuri. A digiri 20 jirgi kan yi kamar ya fita, amma kafin ribas ya kama iska ta mayar da shi kan maƙwabcin baya. A bari ya buɗe digiri 45, da iska mai ƙarfi har 60. Idan gefen hagu ne a jeti kuma farfelarku mai jan hagu ce, a ƙara buɗewa, don ribas zai cinye wani abu daga ciki. Sannan firi, a daidaita sitiyari, a sa ribas da ƙarfi, mai goshi ya zare igiyar da sauri ya ce ta shigo. A ci gaba da baya har fili. Bayan jirgi da kansa yake neman inda iska ke fitowa, don haka tafiya da baya cikin iska ita ce mafi natsuwa.

A Legas akwai kuma jan ruwa. Teku na cikowa ta janye sau biyu a rana, kuma da damina janyewar na ƙara ƙarfi saboda ruwan da ke gangarowa daga tafkin Legas. Kafin kowane motsi a dubi yadda shara ke tafiya a gindin ginshiƙan jeti. Kullum a fuskanci jan ruwa wajen tsayawa: allon na samun ruwa alhali jirgi kusan a tsaye yake. Wanda ya shigo ruwa na tura shi ta baya ba shi da sitiyari ba shi da birki.

Tambaya: Ɗana yana koyon aiki a jirgi. Ya ce shi ne mai tsalle da igiya zuwa kan jeti, kuma idan jirgi zai bugu shi ke tare shi da ƙafa. Hankalina bai kwanta ba. Mahaifiya daga Gwammaja.

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya, ki faɗa masa da babbar murya. Ba a tsalle. Ana sauka ne da taki ɗaya daga tsakiyar jirgi, wurin wayoyin da ke riƙe da sanda, bayan jirgi ya matso ya kusan tsayawa. Idan tazara ta yi yawa aikin matuƙi ne ya koma ya sake shigowa. Wanda ya zame ya faɗa tsakanin jirgi da jeti, ga nauyi na matsowa ga farfela na juyawa. Ƙafa ko hannu kuma ba sa tare tan 20; matashin roba ake zurawa a tsakani, yana rataye a igiyarsa.

Ya kuma kiyaye abu uku. Kada ya riƙe igiya mai nauyi da hannu tsura, ya fara zagaya ta a turke sannan ya riƙa sassautawa. Kada ya naɗa ta a hannu ko ya tsaya cikin zagayenta. Ya sa takalmi mai rufe yatsu da rigar ceto, ba silifas ba. Igiyar da ya kamata ya fara ɗaurawa ita ce ta tsakiyar jirgi, zuwa turken da ke ɗan baya. Da ta ɗauru, matuƙi ya sa giyar gaba a hankali ya murɗa sitiyari nesa da jeti, jirgi zai manne ya zauna, a ɗaura sauran a natse. Kyaftin ɗin da ke sa yara tsalle, a ganinmu, shigowarsa ce ba ta da kyau yake rufewa da ƙafafun 'ya'yan mutane. Allah ya tsare mana su.

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Gwale a Turkiyya, ina aikin hutu a jiragen haya a Marmaris. A nan da baya ake shiga tsakanin jirage biyu, a jefa anga ta goshi. Namu kullum sai ya kwanta kan na kusa. Ina gyaran yake?

Amsa: Wannan salon ɗauri ya zama ruwan dare a Turkiyya da Girka saboda ƙarancin wuri. Abu uku ke kawo abin da ka faɗa.

Na farko wurin jefa anga. A jefa ta nisan tsawon jirgi uku zuwa huɗu daga bango, wato mita 48 zuwa 64 ga jirgi mai mita 16, daidai saitin gurbin da za a shiga, ko ɗan sama kaɗan ta wajen iska. Ku san tsawon sarƙarku tukuna, ku yi mata alamar fenti duk mita 10, don ba abin kunya kamar sarƙa ta ƙare saura mita biyar a kai bango. Ku dubi inda sarƙoƙin maƙwabta suka nufa, kada ku ɗora taku a kan tasu.

Na biyu, kuma shi ne ya fi yawa, mai sarƙa na riƙe ta. Injin anga ba ya sakin sarƙa da saurin da jirgi ke tafiya. Da ta ɗame jirgi ya rasa gudu, allon ya saki, iska ta kwashe goshi. A sassauta birkin injin sarƙa ta zuba da kanta, a fara ɗame ta sai saura kamar rabin tsawon jirgi. Matuƙi kuma ya fara ribas tun daga nesa, ya iso wurin jefa anga jirgi na tafiya sosai yana amsa sitiyari.

Na uku igiyar baya. Ta gefen da iska ke fitowa ake fara miƙawa. Da ta ɗauru a sa giyar gaba kaɗan, jirgi zai tsaya a kanta nesa da bango, sannan a ɗaura ta biyu, a ja sarƙa har ta miƙe. Idan ana ja tana ta zuwa ba ta ɗamewa, anga ba ta kama ba. A fita a sake, kada a kwana a haka. Matasan roba huɗu a kowane gefe, a tsayin da ya dace da jiragen maƙwabta, da babba ɗaya a baya.

Inda tasha ke da nata igiyar ƙasa ba a jefa anga. Ana ɗauko siririyar igiyar daga bango da sanda mai ƙugiya a bi da ita zuwa goshi, da safar hannu saboda ƙwanson da ke manne mata na yanka. Giya na firi muddin tana kusa da farfela. Wajen fita a sake ta, a jira ta nitse, sannan a sa giya.

Tambaya: An ce jirgin iska ne ke da hanya a kan mai inji. Har da manyan jiragen kwantena na Apapa? Daga Sabon Gari.

Amsa: A'a. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun ce jirgin iska da ya sa injinsa a aiki mai inji ne, ko da ƙyallensa na sama. A tasha kuwa kusan kowa da inji yake shiga, an sauke ƙyalle tun a waje. Doka ta 9 ta ƙara da cewa jirgin iska, ko duk wanda bai kai mita 20 ba, kada ya tare hanyar jirgin da ba zai iya tafiya ba sai a cikin mashigi mai zurfi. Babban jirgi ba ya iya kaucewa, kuma daga ɗakin tuƙinsa ba a ganin abin da ke dab da goshinsa. A bi gefen dama na mashigi. A Afirka da Turai mai shigowa daga teku na barin jan tulu, wato alamar hanya mai yawo a kan ruwa, a hagu, kore a dama. A Amurka akasin haka ne. Oda gajeriya ɗaya na nufin zan yi dama, biyu hagu, uku injina na ribas, biyar ko fiye ban gane nufinka ba. Rediyon oba-oba ya zauna a tasha ta 16 da kuma tashar da hukumar wurin ta ware.

Tun a fili kafin shiga a gwada giyar gaba da ribas, domin wayar giya ta fi son tsinkewa a lokacin da ake buƙatarta. A duba ruwa na fita ta salansa, anga na shirye, babu igiyar da ke lilo a ruwa. A san zurfin jirgi, wanda kan kai mita 2 zuwa 2.5, da tsayin sandarsa, wanda kan haura mita 20, kafin a tunkari gada ko wayar lantarki.

Tambaya: Muna da kwalekwale mai injin baya a dam ɗin Tiga. Ranar kasuwa bakin ruwa kan cika. Akwai abin da ya shafe mu a nan?

Amsa: Akwai, da bambanci ɗaya babba. Injinku shi kansa ke juyawa, don haka da giya kuke da sitiyari. A firi kusan babu. Ka fara juya injin inda kake so, sannan ka sa giya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka cire, ka sake. Babu cikowar teku a Tiga, iska ce abin lura, musamman guguwar farkon damina da ke tasowa daga gabas ba shiri. Ka tunkari bakin ruwa kana fuskantar iska in da hali. Ka tabbata makullin da ke hana inji ɗagowa a ribas ya kama, in ba haka ba zai yi tsalle farfela ta fito waje. Kada ka yi baya da ƙarfi da lodi, ruwa na hayewa ta allon baya. Igiyar kashe inji ta zauna a wuyan hannunka, kuma a kashe shi gaba ɗaya idan akwai masu wanka ko masu tura jirgi a kusa.

Lodi shi ne babban abin tsoro, kamar yadda hatsarin kwalekwale na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ya nuna, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kwalekwalen da ya nitse har ruwa ya kusa bakinsa ba ya juyawa da wuri, ba ya tsayawa da wuri, kuma 'yar karkata kaɗan ta ishe shi. Lokacin isowa ne fasinja ke miƙewa gaba ɗaya su ruga gefe guda. Ka sanar tun kuna nesa cewa kowa ya zauna har a ɗaure, a sauka ɗaya bayan ɗaya daga gaba, buhuna da babura su biyo baya. Tsofaffin tayoyi uku a kowane gefe sun isa kare jiki daga maƙwabta, a ɗaure su sama kaɗan da ruwa don kada su riƙa ja.